Yadda za mu rage wahalar ciyawa a garka da gefen gida

A Rimawa da sauran garuruwan da ke bin gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, har can ƙasar Rabah, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan fili a bayan danga. Wani garka ce ta kuɓewa da yakuwa, wani tsohon turken dabbobi ne, wani kuma kangon ɗaki ne da ya rushe ba a sake tayar da shi ba. Da rani ba mai kula da shi. Amma da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, kafin a gama noman farko a gona, filin nan ya rufe da ciyawa, ko haki kamar yadda muke cewa a nan. Zuwa tsakiyar Agusta tafasa ta kai ƙugu, kashin yawo ya tare hanyar rijiya, yara kuma an hana su zuwa wurin saboda tsoron maciji.

A da akwai hannuwa da yawa a gida, samari biyu sun isa su share wurin da safiya ɗaya. Yanzu da yawansu suna ci-rani, kuɗin ƙwadago kuma ya yi tsada. Rashin tsaro ya ƙara tsananta abin. Tun harin da aka kai Tabanni ta ƙasar Rabah a watan Yulin 2018, wanda ya sa jama'a gudu zuwa Gandi, iyalai da yawa a gabashin Jihar Sakkwato sun rage zuwa gonakinsu na nesa. Wasu sun bar gida damina ɗaya ko biyu, suka dawo suka tarar da daji a tsakar gidansu. Saboda haka ɗan filin nan na kusa da gida ya ƙara daraja, domin daga cikinsa miya za ta fito. Waɗanda aka bar wa aikinsa kuwa mata ne da tsofaffi da yara. Abin da za mu duba a wannan darasi shi ne yadda mace ɗaya da fartanya ɗaya, ga girki ga reno, za ta iya riƙe wannan fili. Za mu ga cewa abin da ya fi rage wahala shi ne sanin lokacin da kowace ciyawa ba ta da ƙarfi.

Mu fara sanin abin da ya tsiro

Idan ana wannan darasi a ƙungiya, a fita tare zuwa garkar ɗaya daga cikinmu. Kowa ya tono ciyawa iri uku ko huɗu har da saiwarsu, a kawo a baje a kan tabarma, a kira sunan kowace. Tsofaffi sun fi mu sanin sunayen, a ba su dama. Sa'an nan a kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne masu mutuwa duk shekara, waɗanda ba su da hanyar dawowa sai ta iri: ƙarangiya, kashin yawo, tsidau, tafasa, zarangade, harƙiya, guɗe-guɗe, kyasuwa da burburwa. Saiwarsu siririya ce, idan an tuge an gama da wannan tsiron. Kashi na biyu su ne masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa: jiji, wanda wasu ke kira aya-aya, da ƙiri-ƙiri, da tofa a fadama. Waɗannan ko an sare kansu, abin da ke ƙasa yana nan da rai. Balasa da fasa-ƙaba suna tsakanin biyun: suna yin iri, kuma guntun jikinsu da aka yar a kan ƙasa mai laima yakan sake kamawa.

Kashi na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato masu amfani. Tafasa, lalo, gasaya, rukuɓu da yaɗiya abinci ne, kuma sun sha rufa wa gidaje asiri a watan da rumbu ya yi ƙasa. Kyasuwa da harƙiya abincin dabbobi ne, har sayar da su ake yi. Ko ƙarangiya, wadda matafiyin nan ɗan Jamus Heinrich Barth, da ya sauka a Wurno a 1853, ya yi ta kuka da ita a labarin tafiyarsa, dabbobi suna son ta kafin ta yi ƙaya, kakanninmu kuma sun sussuke 'ya'yanta sun ci a shekarun yunwa. Don haka ba dole ne a kashe komai ba. A zaɓi kusurwa ɗaya a bar wa lalo da gasaya da 'yar tafasa, a riƙa tsinkar su. Abin da ba za a yi wa sassauci ba a gidan da ke da yara shi ne zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, domin ganyensa da 'ya'yansa guba ne. Duman rafi kuma yana cutar da awaki da tumaki idan suka ci da yawa.

Masu dawowa ta iri

Ƙasar garka kamar rumbu take, cike da irin ciyawa na shekaru da yawa. Tushen zarangade guda ɗaya, idan ya sami taki, yana iya zubar da iri fiye da 100,000. Ƙuduji, ko wuta-wuta, mai shanye gero da dawa da masara, yakan zubar da 50,000 ko fiye, irin kuma yana iya kwana a ƙasa shekara 10 ko fiye yana jiran hatsi. A 1879 wani malamin jami'a a Mishigan ta Amurka, William Beal, ya cika kwalabe 20 da yashi da irin ciyayi ya binne, aka riƙa tono ɗaya bayan wasu shekaru ana shukawa. Irin fasa-ƙaba ya tsiro bayan shekara 40 a binne. Kwalbar da aka tono a 2021 ma an sami wani irin da ya tsiro a cikinta. Kada wannan ya karya mana gwiwa. Mafi yawan iri yakan ruɓe, ko ƙwari da tsuntsaye su cinye, ko ya tsiro ya mutu cikin 'yan shekaru kaɗan. Rumbun yana raguwa da sauri idan ba a ƙara zuba masa ba.

Yawancin irin ciyawa ƙanana ne, ba sa iya fitowa sai daga saman ƙasa, abin da bai wuce zurfin santimita 5 ba, kamar gaɓa biyu ta yatsa. Duk lokacin da muka kafa garma muka juya ƙasa da zurfi, muna fito da tsohon iri zuwa inda zai sami haske ya tsiro. Wannan shi ya sa wanda ya fi kowa kaftu wani lokaci ya fi kowa ciyawa.

Ga dabarar da ta dace da garka. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, a dakata kwana 7 zuwa 10. Ciyawa za ta fito siririya kamar zare. A ranar da rana ta buɗe, da hantsi, a bi ta da fartanya sama-sama, ana karce fuskar ƙasa kawai. Kafin azahar ta bushe. Aikin da zai ci yini biyu a watan Agusta, a wannan lokaci bai fi a gama shi kafin tukunya ta nuna ba. Idan akwai hali a sake jira mako ɗaya a maimaita, sa'an nan a yi shuka ba tare da an sake juya ƙasar ba. Ba muna cewa a yi wa gero haka a gona ba, domin daminarmu gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, kuma ba manomin da zai bar ruwan shuka ya wuce shi. Amma kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu, ita da yakuwa da rama jinkirin mako biyu ba zai hana su yi ba. Kabewa ce kaɗai za a shuka da wuri, a riƙa karcewa a kewayenta.

Lokaci na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba kowa ya ajiye fartanya. Amfani ya girma, ciyawa ba ta iya danne shi, hankali ya koma kan yankan gero. A daidai wannan lokaci ne ciyawa ke fure tana ɗaure iri. Ciyawar da za ta wahalar da mu baɗi, a watan Satumban bana ake shuka ta. Ba a bukatar noma a nan. A ɗauki lauje a bi ana yanke duk abin da ya fara fure, sau biyu ko uku, kwana goma tsakani. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya. Wadda ta riga ta yi iri kada a bar ta kwance a wurin, domin irin yakan ƙarasa nuna ko bayan an yanke. A zuba a buhu a fitar. Ƙuduji kuwa tuge shi ake yi da zarar furen nan nasa mai kyau ya bayyana. Gidan da ya riƙe wannan damina biyu ko uku a jere zai ga bambanci a fili.

Jiji da 'yan'uwansa

A 1977 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin LeRoy Holm, suka jera ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Jiji ne ya zo na ɗaya, an same shi yana ɓarna a ƙasashe fiye da 90. Mai noman albasa ko tafarnuwa a fadamar Goronyo da Wurno ba ya bukatar a gaya masa haka.

Idan muka tono jiji a hankali za mu ga ƙananan 'ya'ya baƙaƙe kamar aya, a jere, siririyar jijiya ta haɗa su kamar carbi. Mafi yawansu suna cikin santimita 15 na sama. A jerin nan ɗaya ko biyu ne ke tsiro, sauran suna barci. Idan fartanya ta tsinka jijiyar, waɗanda ke barci sai su farka, kowanne ya fitar da nasa ganyen. Shi ya sa wanda ya yi wa jiji kaftu da damina yakan ga ya ninka. Haka ƙiri-ƙiri yake: kowane guntu mai gaɓa da aka sare aka bari cikin laima sabon tushe ne.

Amma jiji yana da rauni uku. Na farko, ba ya jure bushewa. 'Ya'yansa idan suka fito sarari cikin zafin bazara, mako ɗaya zuwa biyu ya ishe su mutuwa. Don haka lokacin kaftun jiji da ƙiri-ƙiri shi ne Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato. A kafta da sassafe, zurfin taƙi guda, a bar ƙasar a buɗe ba a baje ba. Bayan mako biyu a sake juyawa. Rana ce za ta yi sauran aikin. Wannan shi ne kaɗai kaftu mai zurfi da muke ba da shawara a garka, kuma a wurin da jiji yake kawai. Na biyu, yana gajiya. Sabon tsiro yana cin abincin da ke cikin ɗan da ya fito daga gare shi, kuma sai bayan mako 4 zuwa 6 yake fara ajiye sababbi. Idan ana sare ganyen duk mako biyu, ana cin ajiyarsa ba ya mayarwa. Na uku, ba ya son inuwa, kuma wannan ne ya fi sauƙi, za mu zo kansa.

Akwai abin lura ga masu garka a fadama. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, an yi ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ita ta faɗaɗa noman rani a wannan yanki. Alheri ne babba. Sai dai ƙasar da ake bai wa ruwa rani da damina ba ta samun lokacin bushewa, jiji kuma abin da yake so ke nan. Wanda jiji ya cinye wa fangali, ya yi haƙuri ya hana wa kashi ɗaya ruwa a bazara guda, ya kafta ya shanya, baɗi ya koma kan wani kashin. Bayan ambaliya kuma, irin wadda aka yi a Satumban 2010, a sa ido sosai, domin ruwa yakan kawo irin ciyayin da ba a sani ba a wurin. Tsiro goma na farko sun fi sauƙin tugewa.

Kada a bar ƙasa tsirara

Duk inda ƙasa take a buɗe ga rana da ruwa, wani abu zai tsiro. Idan ba mu zaɓa ba, ciyawa za ta zaɓa mana. Hanya biyu ce ta rufe ƙasa: da busasshen abu, ko da shuka mai yaɗo.

Busasshen abu shi ne tsohon bunu da aka sauke daga ɗaki, tsohon zana, yagaggiyar tabarma, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, ganyen dogon yaro da ake sharewa kullum ana ƙonawa, da kwalin da masu shago ke zubarwa. A fara nome wurin, a bari ƙasa ta sha ruwa, a shimfiɗa kwali ko zana, a zuba sauran a kai. Kaurin shi ne sirrin: santimita 8 zuwa 10, wato faɗin tafin hannu. Idan ya yi shara-shara ciyawa za ta ratsa, har ta ji daɗin laimar. A bar tazarar yatsu uku tsakanin lulluɓin da gindin shuka don kada ya ruɓe. Kada a cuɗa ɓuntu ko kara cikin ƙasa, a bar shi a sama. Idan aka cuɗa, yakan riƙe abincin shuka na wani lokaci, ganye ya yi rawaya. Bayan hana ciyawa, lulluɓi yana rage ban ruwa, abin da duk mai jan guga za ta yaba.

Mun san abin da za a ce: kara da tattaka da harawa kuɗi ne, kuma dabbobi na jira. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a hana akuya don a ciyar da ƙasa ba. A nemi abin da dabba ba ta ci. Ɗanyar tafasa dabbobi ba su damu da ita ba, ga ta kuma ko'ina a bakin hanya. A yanke ta kafin ta yi fure, a shanya kwana biyu, a shimfiɗa tsakanin layukan kuɓewa. Masu kusa da magudanar da kacala ta toshe su yanko ta kafin ta fitar da kai. An buɗe wa ruwa hanya, an kuma sami abin rufi. Tsohuwar leda da buhun siminti ba mu so, domin rana na farfasa su, awaki su haɗiye.

Sai maganar gara. Za ta zo, babu shakka. A cikin garka ba abokiyar gaba ba ce: binciken da aka yi a arewacin Burkina Faso a shekarun 1990 ya nuna cewa garar da lulluɓi ke jawowa tana huda ƙasar da ta daskare, ruwa ya sami hanyar shiga. Amma a jikin gini ɓarna ce. A bar taku biyu a share fes tsakanin lulluɓi da bangon ɗaki, da rumbu, da danga. Kunama da maciji ma suna son wuri mai sanyi, don haka kada a sa hannu ƙarƙashin lulluɓi sai an ɗaga da sanda.

Rufi da shuka mai yaɗo ya fi daɗi, domin ana cin sa. Kabewa, dankali, ko kudaku a bakinmu na nan, wake mai yaɗo, duma da kankana, duk suna shimfiɗa ganye su hana ƙasa haske. Manoman yankin Mono a kudancin Jamhuriyar Benin sun nuna ƙarfin wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1980. Tofa ta kore su daga gonaki, sai suka riƙa shuka wani irin karara marar ƙaiƙayi, ya haye tofar ya danne ta, dubban manoma suka ɗauka. Su suna da damina biyu a shekara, mu ɗaya, don haka ba sai mun nemo irinsu ba. Kabewa da kudaku sun ishe mu. Abin lura shi ne makonni huɗu zuwa shida na farko, kafin yaɗo ya haɗe: a nan ne ake bukatar karce ciyawa sau biyu. A zuba taki a ramin shukar kawai, kada a watsa ko'ina a ciyar da ciyawa. Kudaku ya fi kowa iya danne jiji, idan an dasa shi kusa da kusa a kan kunya. Albasa da tafarnuwa kuwa ganyensu a tsaye yake, ba sa yin inuwa, saboda haka kada a sa su a fangalin da jiji ya yi yawa sai an rage shi.

Ga mai ɗan hali akwai wata dabara don wurin renon tumatir ko tattasai. A watan Afrilu a jiƙa fangalin sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne bakinta da ƙasa, a bari mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa yana dafa irin ciyawar da ke sama. Jiji yakan tsira, kuma ledar kuɗi ce, don haka ƙaramin wuri kawai ta dace da shi.

Dabbobi, taki da wuta

Tunkiya ko akuya a turke tana iya riƙe gefen fili a gajarce, idan ana matsar da turken kullum, kuma an riga an cire zaƙami da duman rafi. A sa ta tun ciyawa tana ɗanya. Dabbar da ta ci ciyawa mai iri, wani irin yakan fita da rai cikin kashinta, ƙarangiya da kashin yawo kuma a gashinta suke hawa su shigo gida. Saboda haka ɗanyen takin turke yakan zo da ciyawarsa. A tara shi a rami tare da ciyawar da ba ta yi iri ba, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Idan aka cusa sanda ta fito da zafi, yawancin irin yana mutuwa. Jiji, ƙiri-ƙiri da balasa ba sa shiga ramin sai sun bushe ƙayau a kan darni ko rufin ɗaki.

Cinna wa fili wuta kusa da zana da rumbu, da iskar hunturu, kowa ya san ƙarshensa. Kuma ba ta kai ga abin da ke ƙasa. Tofa ma sai ta fi tohowa bayan an ƙone ta. Abin da ya cancanci wuta shi ne buhun nan na ciyawa mai iri: a ƙona shi a rami, nesa da gida, da safe kafin iska ta tashi.

Maganin feshi

Yanzu kusan kowace kasuwa ana sayar da maganin ciyawa, kuma mun fahimci abin da ke jan mutane: yini ɗaya fili ya bushe. Amma mu san abin da muke saye. Paraquat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, ganye kawai yake ƙonawa, jiji da ƙiri-ƙiri su dawo cikin makonni kaɗan. Kurɓi ɗaya yana iya kashe mutum, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Nijeriya daga 2024. Idan aka gan shi a kasuwa a bar shi a can. Glyphosate yana bin ɗanyen ganye har saiwa, amma ba ya bambanta ciyawa da kuɓewa, kuma feshi ɗaya ba ya gama da jiji, tunda 'ya'yan da ke barci ba su da ganyen da zai kai musu shi.

A ganinmu filin cikin gida ba wurin feshi ba ne. Nan rijiya take, nan kaji ke kiwo, nan yara ke wasa ba takalmi, kuma maƙwabciya tana iya tsinkar tafasa ko lalo ba ta san an fesa ba. Wanda ya yi amfani da magani a gona, kada ya zuba ragowar a robar lemo, kada kuma a mai da jarkar ta ruwa ko ta mai. Masu zuba gishiri ko baƙin mai don kashe ciyawa su sani ƙasar suke kashewa, baƙin man kuma yana iya bin ƙasa ya kai ga rijiya.

Idan wurin ya riga ya zama daji

Wanda ya dawo gida ya tarar da ciyawa ta fi shi tsawo, kada ya ce zai gama a rana ɗaya. A shiga da rana tsaka-tsaki, da takalmi mai rufi da doguwar sanda, ana bugun gaba kafin a taka, saboda kububuwa da kumurci. Idan tsautsayi ya faɗa, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafa, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a garzaya asibiti. A fara buɗe hanyar rijiya da ta makewayi da kewayen ɗakuna. Sa'an nan a sassabe sauran da adda, a ware mai iri daga marar iri. A kwashe gwangwani, tsohuwar taya da fasasshiyar tukunya, a cike ƙananan ramuka. Sauro a ruwa yake ƙyanƙyasa, cikin kamar kwana 10. Ciyawa wurin hutawarsa ce da rana, kuma tana ɓoye ruwan da ya kwanta. Share fili yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin gidan sauro.

Daga nan a zaɓi wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kusa da ruwa, a nome shi, a shuka, a lulluɓe da ciyawar da aka sassabe. Sauran filin a bana yanka kawai yake bukata, duk mako biyu ko uku, don kada ya yi iri. Baɗi a ƙara tabarma huɗu. Sassaben farko shi ne mai nauyi, kuma shi ya dace da gayya: gida biyar su haɗu, kowace safiya a yi wa ɗaya, a fara da na gwauraye da tsofaffi.

Kangon maƙwabci da ya yi hijira yana zubo mana iri ta kan danga. Kada a shiga kai tsaye. A nemi izinin mai shi ko danginsa a gaban mai unguwa, a faɗa a fili cewa aro ne na damina ɗaya don a yanke ciyawa a shuka kabewa, kuma za a ajiye masa rabonsa. Maganar fili ba a barin ta a duhu.

Mu gwada

Kowace ƙungiya ta ware fangali biyu masu girma ɗaya, gefe da gefe, a shuka kuɓewa rana ɗaya. A lulluɓe ɗaya, a bar ɗaya yadda aka saba. A ajiye gwangwani biyu. Duk ranar da aka nome fangali ko aka ba shi ruwa, a jefa tsakuwa a gwangwaninsa. Da kaka a zazzage a ƙirga a gaban kowa, a kuma tattauna: wace ciyawa ce ta iya ratsa lulluɓin? Gara ta kai ga wani gini? Wane abin rufi ne ya fi sauƙin samu a unguwarmu ba tare da an taɓa abincin dabbobi ba? Wa za a ɗora wa yankan Satumba, tunda manya suna gona? A aiko mana da abin da aka gani, tare da sunayen ciyayin da ba mu ambata ba, don mu buga a fitowa ta gaba.